DiCaprio a Daji: Abin da Masu Yabo da Masu Kushe Suka Tsallake

A makon jiya, bayan sallar isha'i, na tsaya a wata fada ta samari a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, na tarar gardama ta yi zafi har mai dafa shayi ya manta da butarsa a kan gawayi. Abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne fim ɗin The Revenant, wanda ya fito a ƙarshen 2015, musamman wasan da Leonardo DiCaprio ya yi a cikinsa. Fim ɗin ba sabo ba ne, amma wani ne ya samo shi a wurin masu tura finafinai, ya bi waya zuwa waya har kusan kowa a fadar ya kalle shi.

Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya ce: "Malam, don Allah raba mana gardama. Sa'a biyu da rabi mutum yana gurnani yana jan ciki a ƙasa, wai shi ne aka ba kyautar gwanin duniya?" Kafin in buɗe baki wani ya tare shi: "Kai dai ba ka sani ba ne. Mutumin nan ɗanyar hanta ya ci, ya shiga kogi mai ƙanƙara da jikinsa. Ko me aka ba shi ba a biya shi ba."

Abin da ya dame ni shi ne, duk da suna ganin suna adawa da juna, su biyun sun tsallake abu guda, wato aikin da ɗan wasan ya yi da fuskarsa da numfashinsa da gaɓoɓinsa. Na farkon ya ƙirga kalmomi ya ga sun yi kaɗan, na biyun ya ƙirga wahala ya ga ta yi yawa, kuma babu wanda ya tsaya ya dubi wasan kansa.

Ra'ayina shi ne DiCaprio ya yi wasa mai kyau ƙwarai, irin wanda ƴan wasa kaɗan ne za su iya ɗauka tun daga farkon fim har ƙarshensa. Amma dalilin da mafi yawan masoyansa suke kawowa, wato wahalar da ya sha, dalili ne mai rauni wanda yake rage masa daraja ba tare da sun lura ba. Kuma wasan yana da nasa giɓin, wanda zan faɗa idan na zo wurin.

Labarin a taƙaice

A shekarar 1823, wani mafarauci mai suna Hugh Glass, wanda DiCaprio ya fito a matsayinsa, yana cikin ayarin masu neman fatun dabbobi a yankin kogin Missouri na Amurka, sai wata beyar mai ƴaƴa, wato wata ƙatuwar dabbar daji mai manyan farata, ta far masa, ta yayyaga masa baya da maƙogwaro. A cikin fim ɗin, shugaban ayarin ya ga ba za a iya ci gaba da ɗaukarsa a kan duwatsu ba, sai ya bar mutum uku su zauna da shi har ya cika su binne shi: John Fitzgerald, da wani saurayi Jim Bridger, da kuma ɗan Glass ɗin, Hawk, wanda uwarsa ƴar Pawnee ce, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka.

Fitzgerald ya kashe yaron, ya yaudari Bridger cewa mayaƙan ƙabilar Arikara sun kusa riskarsu, ya ja Glass cikin rami ya watsa masa ƙasa da ransa, suka tafi. Sauran fim ɗin tafiyar Glass ce cikin dusar ƙanƙara yana neman wanda ya kashe masa ɗa. Alejandro González Iñárritu, ɗan ƙasar Meziko, shi ya ba da umarni, kuma fim ɗin yana da tsawon minti 156.

"Bai ce komai ba"

Wannan ita ce sukar da na fi ji, kuma ita ce na fi son in daɗe a kanta, domin ba rashin hankali ne ya kawo ta ba. Mu mutane ne da muka tashi da magana. Wasan kwaikwayonmu daga dandali da rediyo da talabijin ya taso, kuma duk wanda ya girma yana kallon wasannin Yazi Dogo a Tele Sahel ya san cewa daɗin wasan yana cikin iya zance, da habaici, da mayar da martani nan take. Finafinan Kano da suka cika kasuwarmu su ma a kan baki suke tafiya: mutum biyu a falo, ɗaya ya faɗi abin da ke ransa, ɗayan ya amsa. Saboda haka idan muka ce wane ya iya wasa, sau da yawa abin da muke nufi shi ne ya iya magana.

Wannan ma'auni yana da amfaninsa, amma ba ya auna kowane irin wasa. Mutumin da ke cikin wannan labari an tsaga masa maƙogwaro. Akwai wurin da ya sunkuya ya sha ruwa a bakin kogi, ruwan ya fito ta ramin da ke wuyansa, sai ya zuba albarushi a kan raunin ya kunna masa wuta don ya toshe. Wanda yake cikin wannan hali ba zai tsaya ya yi wa itatuwa jawabi ba, kuma da ya yi, mu ɗin nan ne za mu fara cewa ƙarya ta yi yawa.

Ga wurin da nake so masu wannan suka su koma su sake kallo. Glass yana kwance ɗaure a kan itatuwan da aka haɗa don ɗaukarsa, ba ya iya ɗaga hannu, ba ya iya fitar da murya. Fitzgerald ya durƙusa kusa da kansa, ya ce masa idan yana so a hutar da shi, a kuma ceci ɗansa daga zama a wurin da abokan gaba za su iya riskarsu, to ya ƙifta ido kawai. Sharaɗin kansa zalunci ne, domin babu ɗan Adam ɗin da zai iya hana idonsa ƙiftawa har abada. Kyamara ta tsaya a kan fuskar DiCaprio. Yana buɗe idanun nan da ƙarfin tsiya, ruwa yana taruwa a cikinsu, kana ganin ya gane tarkon da aka ɗana masa, kana ganin yana lissafin ɗansa, kana kuma ganin lokacin da ƙarfin ya ƙare fatar idon ta sauka. Masu kallo har yau suna saɓani a kan ko ya yarda ne ko idon ne ya ci amanarsa, kuma wannan saɓani daga wasan ya fito, domin fuskar ta ɗauki ma'anonin biyu a lokaci guda.

Nan take kuma yaron ya iso ya tarar ana toshe wa ubansa numfashi, ya yi ihu, Fitzgerald ya soka masa wuƙa. Uban yana gani. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, kumfa tana fita daga bakinsa, jikinsa yana girgiza a cikin igiyoyin da suka ɗaure shi, kuma duk abin da ya iya fitarwa wani sauti ne da bai kai kuka ba. Wanda ya ce wannan gurnani ne kawai, ina roƙonsa ya gaya mini jimlar da za a sa a bakin uba a wannan lokaci wadda za ta fi abin da muka gani.

Abin mamakin shi ne mun san irin wannan wasa a gida. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, yakan sa ɗaki ya fashe da dariya tun kafin ya furta kalma, da tafiyarsa da yadda yake zare ido da yadda yake karkatar da hula. Babu wanda ya taɓa cewa wannan ba wasa ba ne. Mun yarda jiki yana iya ba da dariya, to me zai hana mu yarda yana iya ɗaukar baƙin ciki?

A rayuwarmu ta kullum ma haka muke karanta mutane. Je ka zaman makoki a kowace unguwa ta garin nan, ka dubi uban da ya binne ɗansa da safe. Za ka yi masa gaisuwa, ya ce maka "Alhamdu lillahi, sai haƙuri," ba zai ƙara komai ba, amma kowa a kan tabarmar ya san halin da yake ciki daga yadda ya riƙe carbi da yadda idonsa ya tsaya wuri guda. Al'adar da ta koya mana kunya da kawaici, wadda uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari, ita ce ya kamata ta fi kowa gane mutumin da abin da ke cikinsa ya fi abin da bakinsa ke faɗa.

Akwai kuma wani aiki da ba a cika lura da shi ba, wato yadda ya bi da raunin jikinsa daki-daki. Da farko da gwiwar hannu yake jan jiki, ƙafa ɗaya tana biye a baya ba ta da amfani. Daga baya ya samu sanda yana dogarawa, sannan ya fara ɗingishi, kuma muryar tana dawowa kaɗan-kaɗan, a shaƙe, har zuwa ƙarshe ba ta koma daidai ba. An ɗauki fim ɗin tsawon watanni, daga ƙarshen 2014 zuwa tsakiyar 2015, an fara a Kanada, da dusar ƙanƙara ta narke aka kwashi kaya zuwa kudancin Ajantina. Riƙe wannan lissafi na jiki a tsawon wannan lokaci, a ƙasashe daban-daban, ba tare da mai kallo ya ga inda aka yi ɗinki ba, gwaninta ce da ake koyo shekara da shekaru.

Wane fim suka kalla?

Da na karɓi wayar saurayin da ya fi kowa kushewa na duba, sai na gane wani ɓangare na matsalar. Kwafin da ke hannunsa an matse shi don ya shiga ƙaramin katin waya, hoton ya dushe, wuraren duhu sun zama baƙi ƙirin. Sannan an ɗora masa muryar mai fassara, wanda duk inda fim ɗin ya yi shiru sai ya cike gurbin da zancensa, yana faɗa mana abin da Glass yake tunani, wani lokaci har da barkwanci.

Ba na raina aikin masu fassara, domin su ne suka buɗe wa iyayenmu mata da ƙannenmu da ba su yi boko ba ƙofar finafinan duniya, kuma a fim ɗin da ya dogara da zance suna yin amfani sosai. Amma wannan fim an gina shi ne a kan shiru da numfashi da ƙarar iska. Mai ɗaukar hotonsa, Emmanuel Lubezki, ya yi kusan dukkan aikin da hasken rana da na wuta kawai, yana kusantar da kyamara har numfashin ɗan wasan ya sa gilashinta ya yi hazo. Idan aka dushe hoton, aka kuma rufe shirun da surutu, an cire abubuwa biyun da wasan ya tsaya a kansu. Wanda ya kalli wannan kwafi a kan allo mai faɗin tafin hannu, yana zaune a bakin titi ƴan kabu-kabu suna wucewa, yana da gaskiya idan ya ce bai ga komai ba, sai dai bai kamata ya ɗora laifin a kan ɗan wasan ba.

Masu yabo saboda wahala

Yanzu na juyo kan waɗanda muke ɓangare ɗaya da su, domin hujjarsu ta fi ba ni haushi. Gaskiya ne DiCaprio ya ci ɗanyar hantar ɓauna a gaban kyamara, kuma gaskiya ne an yi aikin cikin sanyi mai tsanani, ana shiga ruwa ana fita. Kamfanin da ya yi fim ɗin da ƴan jarida sun yi ta maimaita waɗannan labarai kafin a raba kyaututtuka, har suka zama su ne abin da mutane suka sani game da fim ɗin. Amma jure wahala abu ne daban, iya wasa kuma abu ne daban.

A filin sharo, saurayin Bafulatani yakan tsaya a zuba masa bulala, ya ɗaga madubi yana duba fuskarsa don kowa ya shaida bai motsa ba, kuma abin da ake yaba masa shi ne ya ji zafi na gaske ya ɓoye. Ɗan wasa akasin haka ake nema a wurinsa: ya nuna zafin da babu shi, har mai kallo ya ji a jikinsa. Wanda ya yabi DiCaprio da dauriya ya ba shi kyautar filin da ba nasa ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana cikin fim ɗin kansa. Wurin da kowa ya yarda ya fi tsayawa a rai shi ne harin beyar, kuma a wurin babu beyar ko ɗaya. Wani ƙwararren mai wasan haɗari ne sanye da shuɗin kaya, da igiyoyi da ake fizgar ɗan wasan da su, daga baya masu aikin kwamfuta suka zana dabbar a kan hoton. Duk firgicin da ke fuskarsa, da yadda yake ɗauke numfashi yana kwaikwayon gawa lokacin da dabbar take shinshina kansa, da ƙarar da ya saki da ta taka masa baya, daga tunaninsa da gwanintarsa suka fito. Idan wahalar gaske ce ma'auni, to wannan wuri ne ya kamata ya fi kowane rauni, alhali shi ne ya fi ƙarfi.

Cin hantar kuwa daƙiƙoƙi kaɗan ne a fim ɗin, kuma da hantar roba aka ba shi, babu abin da zai ragu a labarin. Ina ma ganin wannan irin yabo yana da haɗari ga matasanmu masu sha'awar harkar fim, domin yana koya musu cewa hanyar burge mutane ita ce su jefa kansu cikin abin da zai cuce su, maimakon su zauna su koyi yadda ake sarrafa fuska da murya.

Tom Hardy ya fi shi?

Wasu ɗaliban jami'a da na tattauna da su sun kawo wata magana mai nauyi, cewa Tom Hardy, wanda ya fito a matsayin Fitzgerald, shi ne ainihin gwanin fim ɗin. Ban musa cewa ya yi ƙoƙari ba. Ya ba mu mugu wanda muke gane dalilinsa: mutum ne da aka taɓa feɗe masa fatar kai da ransa, tsoro ya zauna masa a zuciya, ba ya son komai sai ya karɓi kuɗinsa ya je ya sayi fili a Texas ya huta. Idanunsa ba sa tsayawa wuri guda, kuma yana yin ƙarya da sauƙin da zai sa ka kusa yarda da shi. An sa sunansa cikin masu neman Oskar, wato babbar kyautar finafinai ta Amurka, a rukunin mataimakin ɗan wasa, ko da yake Mark Rylance ne ya ɗauka a shekarar.

Sai dai a lura da kayan aikin da aka ba kowannensu. Hardy yana da dogayen jawabai, yana da abokin zance a kusan kowane wuri, yana da damar yin fushi da wayo da ba'a. DiCaprio an ƙwace masa murya, an ƙwace masa ƙafa, an rufe rabin fuskarsa da gemu da jini da ƙanƙara, kuma a mafi yawan lokaci shi kaɗai ne a gaban kyamara. Mugu a fim kusan kullum ya fi jan ido, wannan sananne ne ga duk mai kallon finafinan Indiya ko na Kano. Don haka idan aka ce Hardy ya fi daɗin kallo zan yarda, amma ban yarda cewa aikinsa ya fi wuya ba.

Kyautar tausayi

Akwai masu cewa an ba shi Oskar ɗin ne saboda ya daɗe yana jira. Kafin wannan fim an sa sunansa cikin masu neman kyautar wasa har sau huɗu, a 1994 da 2005 da 2007 da 2014, bai samu ba, sai a ranar 28 ga Fabrairu 2016 yana da shekara 41. Ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin masu jefa ƙuri'ar mutane ne, suna da tausayi kuma suna jin surutun jama'a.

Amma dalilin da ya sa alƙalai suka ba da kyauta ba ya canza abin da ke cikin hoton. Ko da an hana shi, wurin ƙifta idon nan yana nan yadda yake. Kuma a shekarar akwai misali mai amfani a cikin abokan takararsa: Matt Damon shi ma ya fito a matsayin mutumin da abokan tafiyarsa suka bari shi kaɗai, a duniyar Mars, amma marubutan sun ba shi kyamarar da yake yi wa bayani da barkwanci tun daga farko har ƙarshe. Hanya ce mai kyau, kuma ta fi sauƙin shiga ran mai kallo. Glass ba a ba shi wannan mafita ba.

Inda nake da ja

Na ce wasan yana da giɓi, ga shi. A tsakiyar fim ɗin akwai dogon lokaci da fuskar DiCaprio ta tsaya a yanayi guda, haƙora a cije, ido a zare, numfashi sama-sama, daga wannan masifa zuwa waccan: kogi ya tafi da shi, ya faɗo daga kan dutse da doki, ya farke cikin mushen dokin ya kwana a ciki. A nan mai kallo yakan daina jin tausayi ya koma jiran abin da zai biyo baya, kuma wanda ya ce ya gaji a wannan yanki bai yi ƙarya ba. Wurin da ya ɗan saki fuska shi ne inda ya haɗu da wani mutumin Pawnee da ya ba shi nama, suka zauna suna tarar dusar ƙanƙara da harshe suna murmushi. Wannan ɗan gajeren wuri ya nuna abin da fim ɗin ya rasa a sauran sassansa, domin da an ba shi irinsa biyu ko uku da mun fi sanin mutumin da muke bi.

Haka nan dangantakarsa da ɗan nasa ba a gina ta sosai ba kafin a kashe yaron, kuma mafarkan da yake yi da matarsa tana shawagi a sama ba su ƙara mini komai ba. Amma wannan laifin marubuta da mai ba da umarni ne fiye da na ɗan wasa.

Masu cewa labarin ƙarya ne, babu mai rayuwa bayan irin wannan rauni, su ma sun haɗa abubuwa biyu. Hugh Glass mutum ne na gaske, kuma kamar yadda aka ruwaito ya yi tafiyar kusan kilomita 320 zuwa sansanin Fort Kiowa da raunukansa, nisan da ya fi na Maraɗi zuwa Damagaram. Abin da aka ƙara shi ne ɗan da aka kashe, da lokacin sanyi, domin harin ya auku ne a ƙarshen bazararsu, sai kuma kisan ramuwa. Glass na gaske ya yafe wa saurayin, ya kuma tarar Fitzgerald ya shiga soja, bai kashe shi ba, bindigarsa kawai ya karɓo. Ya rayu har 1833.

A ganina labarin gaskiyar ya fi na fim ɗin nauyi, kuma a nan ne nake da babbar ja. A ƙarshen fim Glass ya yi wa Fitzgerald jina-jina a bakin kogi, sannan ya tuna maganar da mutumin Pawnee ya gaya masa cewa ramuwa a hannun Mahalicci take, sai ya sake shi cikin ruwa. Samarin fadar sun ji daɗin wannan wuri domin ya yi kama da abin da aka koya mana na barin wa Allah. Amma ruwan ya kai shi ne kai tsaye hannun mayaƙan Arikara da ke tsaye a ƙetare, kuma Glass yana ganinsu lokacin da ya sake shi. Wannan ba yafiya ba ce, miƙa wuƙar ce ga wani. DiCaprio ya buga wurin da fuskar mutumin da ya kai ƙarshen tafiya ya tarar babu abin da ya dawo masa, kuma wannan fuskar ta fi kalmomin da aka sa masa a baki gaskiya.

Me ya shafe mu?

Wani dattijo da ke sauraronmu a gefe ya ce mini: "Ɗana, mu da ba mu taɓa ganin ƙanƙara tana zuba kamar gari ba, ina ruwanmu da wannan?" Na ce masa: "Baba, sanyin ne ba namu ba, amma a bar mutum a daji ai mun san shi." A Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace a arewacin Arlit, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram. Ƙishirwa ce ta kashe su. Muna da maharba da makiyaya da matafiya waɗanda suka san abin da ake nufi da abokin tafiya ya juya maka baya a inda babu mai jin kiranka.

Waɗannan labarai suna nan a bakin mutanenmu, daga dajin Baban Rafi har zuwa hanyar Agadas, kuma kusan babu wanda ya mayar da su fim. Idan aka tambayi masu shirya finafinanmu sai su ce kuɗi, kuma gaskiya ne an kashe kimanin dala miliyan 135 a kan The Revenant, abin da babu mai mafarkinsa a nan. Amma wurin ƙifta idon da na bayyana bai ci komai daga cikin wannan kuɗi ba in ban da mutum biyu da igiya da kyamara ɗaya. Abin da ya buƙata shi ne mai ba da umarni da zai yarda ya bar ɗan wasansa minti biyu ba tare da magana ko kiɗa ba, da ɗan wasan da ya yi atisayen da zai iya cike waɗannan mintuna, da kuma masu kallo da za su ba shi lokacin. Muna da ƴan wasa a Maraɗi da Damagaram da Kano waɗanda na tabbata za su iya, kuma ina so in ga an ba ɗaya daga cikinsu wannan dama a labarin wani makiyayi ko direban da mota ta mutu masa a tsakiyar Tenere.